Kafin Ka Fara, Ka San Inda Ƙurunƙus Yake

'Yan'uwa, a ce wani saurayi ne a Funtuwa ya dawo daga gona da yamma, ya ɗauki wayarsa, ya buɗe sabon wasa irin na ƙasar Japan. Mutanen cikin wasan zanannu ne masu dara-daran idanu, irin zanen da ake kira anime. Za a ba shi jarumi guda, ya raɗa masa suna, ya fita da shi daga ƙauye da ɗan takobi, ya yi ta yaƙi da dodanni har ya ƙasaita. Shin akwai laifi ga wanda ya fara irin wannan wasa?

Wasan dai ba baƙon abu ba ne a duniya. Dragon Quest ya fito a Japan a shekarar 1986, Final Fantasy kuma a 1987. Labaransu sukan koyar da haƙuri da riƙon amana tsakanin abokan tafiya, kamar yadda tatsuniyoyinmu suke yi. Hutu kuwa hakkin mai aiki ne. Saboda haka ba mu ce farawar laifi ce ba.

Amma mu tuna yadda kakanninmu suka bi da wasa. Tatsuniya da dare ake yin ta, bayan an gama aikin yini. Har akan tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Dambe da kokawa sai da kaka, bayan amfani ya shiga rumbu. Kowace tatsuniya kuma tana da ƙurunƙus, inda mai ba da labari zai rufe, kowa ya nufi shimfiɗarsa.

Wasannin farko na Japan ma suna da nasu ƙurunƙus: in ka ci babban dodo, labari ya ƙare. Da yawa daga cikin na waya a yau ba haka aka gina su ba. Kyauta ake shiga, ana ba ka tukuici don kawai ka leƙo kowace rana, sa'an nan a kira ka ka sa kuɗi ka ja ƙuri'a ko za ka dace da jarumin da kake so. Gacha ake kiran wannan. A 2012 hukuma a Japan ta hana wani nau'insa, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka.

Ga inda haɗarin yake. A cikin wasa, da ka yi ƙoƙari kaɗan sai sakamako ya bayyana nan take. A gonakin Funtuwa da Malumfashi kuwa, wanda ya shuka masara ko auduga sai ya yi noman farko, ya yi maimai, ya jira watanni, kuma ba shi da tabbacin ruwan sama. Zuciyar da ta saba da biyan nan take takan gaji da jiran damina. Lokacin saurayin nan kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Mahaifinsa mai jiransa a gona yana da rabo a ciki, haka ƙanensa mai neman a duba masa karatu.

Carlo Acutis, yaron nan na Italiya da ya rasu a 2006 yana da shekara 15, wanda aka sa cikin tsarkaka a 2025, yana son wasannin bidiyo ƙwarai. Bai yar da su ba. Shi da kansa ya yanka wa kansa ɗan lokaci a kowane mako, ya kuma tsaya a kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bari sai wasa ya yi daɗi kafin ya sa iyaka, da wuya ya iya sa ta. Kai saurayi, tun kafin ka raɗa wa jaruminka suna, ka yanke lokacin da za ka ajiye waya, da kuɗin da ba za ka wuce ba, ka kuma faɗa wa wani a gida domin ya tuna maka. Ku iyaye, kafin ku ƙwace waya, ku zauna ku ji labarin da ɗanku yake bi, sa'an nan ku sa iyakar tare.

Allah ya ba mu hikimar sanin lokacin farawa da na ajiyewa. Amin.