Kafin Ka Sake Ɗaukar Bulala

Ɗana, zauna mu yi magana a kan yaron nan naka da ka ce ya gagare ka.

Na san irinsa tun ina koyarwa a firamare. Akwai wani ɗan aji uku da ba ya minti biyar a kan benci. In na juya ina rubutu a allo, kafin in waiwayo yana ƙarƙashin tebur yana neman murfin biro, ko yana bakin taga yana kallon ƙadangare. Tambaya ba ta gama fita daga bakina ba ya riga ya jefo amsa, wani lokaci ma daidai. Uwarsa ta ce in ta aike shi sayen gishiri, sai ya dawo da kuɗin a hannu yana tambayar me aka ce ya sayo. Ba zan ɓoye maka ba, na dake shi ba adadi, ubansa kuma ya ce in ƙara masa. An yi masa rubutu, an yi tofi, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne. Dukan ya bar masa shata a baya, natsuwa kuwa ko ta anini bai samu ba. Bai kai aji shida ba ya daina zuwa, kuma har yau in na tuna shi sai na nemi gafarar Allah.

Sai daga baya na san abin yana da suna. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara, yau kuma likitoci suna kiran larurar ADHD: hankali ba ya tsayawa, jiki ba ya zama, aiki yana riga tunani. Kimanin yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, kuma gado yana da babban kaso a ciki, don haka kafin ka ɗora wa uwarsa laifin rashin tarbiyya, tambayi gyatumarka yadda kai ka yi taka ƙuruciyar. Sai dai ba kowane mai ƙiriniya ne ke da ita ba. Yunwa tana hana yaro zama, haka rashin barci, haka kunnen da ba ya ji sosai, haka ajin da aka cusa ɗalibai ɗari. Likita sai ya ga abin ya fara kafin shekara 12, ya daɗe aƙalla wata 6, kuma yana yi wa yaro illa a gida da makaranta duka. Akwai ma yarinya mai larurar wadda ba ta da rawar kai ko kaɗan, tana zaune shiru hankalinta ya yi nisan kiwo, ana ce mata daƙiƙiya.

Ka ce min ka ji ana maganar wani horon natsuwa, kuma ka fi son sa a kan ka ba ɗanka ƙwaya. Na fahimci tsoronka. Wanda ya ga yadda tiramadol da kodin suka yi da samarin unguwa, har gwamnati ta hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018, dole kalmar ƙwaya ta tayar masa da hankali. Amma bari mu auna kowanne da mudunsa.

Maganin ba sabo ba ne. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba yaran da yake kula da su wani magani mai motsa ƙwaƙwalwa don ciwon kai, sai ga shi sun zauna suna karatu. Waɗanda aka fi sani yanzu su ne Ritalin da ɗan'uwansa Concerta. Aikinsu su ƙara ƙarfin sinadaran dofamin da noradirenalin a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe da linzami. Ba bugar da yaro suke ba, birki suke gyara masa. Na gajeren zango yana aiki kamar awa 3 zuwa 4, na dogon zango ya kai yaro har a tashi makaranta. A 1999 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka da Kanada, na yara 579 da aka bi wata 14. Waɗanda aka ba magani da kulawar likita sun fi waɗanda aka yi wa horon ɗabi'a kaɗai samun sauƙin alamomin, waɗanda aka haɗa wa biyun kuma sun ɗan fi ta wajen zaman gida da karatu. Amma ga ɗaya gefen: bayan 'yan shekaru tazarar ta dushe. Maganin yana rage cin abinci, yana iya hana barci, yana ɗan ɗaga bugun zuciya, yana iya rage saurin tsayin yaro. Ba ya warkarwa. Kamar tabarau yake, in an cire, ido ya koma yadda yake. Shi ya sa ba a sayensa a kemis ɗin bakin titi, ba a kuma aron na ɗan maƙwabci.

Horon natsuwar kuwa, Jon Kabat-Zinn ne ya shigo da shi asibiti a 1979 a Jami'ar Massachusetts, ya ciro shi daga zaman zuzzurfan tunanin mabiya Buddha, ya cire masa rigar addini, ya mai da shi darasin mako 8. Mutum ya zauna ya bi numfashinsa. In hankali ya gudu ya lura ya gudu, ya dawo da shi ba tare da zagin kansa ba. A Holan, Farfesa Susan Bögels ta Jami'ar Amsterdam ta tsara irinsa don yara masu wannan larura da iyayensu, kowa da ajinsa. Da aka gwada shi a kan iyalai kimanin 100 a garin Nijmegen, inda akasarin yaran ma suna kan magani, sai aka ga in an haɗa lissafi gaba ɗaya bai ƙara wa yaran kamun kai a zo a gani ba. Wasu ɗaiɗaiku sun amfana sosai. Waɗanda suka fi fitowa da riba a fili su ne iyayen.

To ka ji inda gizo ke saƙar. Kai da kake raka'a huɗu hankalinka yana Kantin Kwari yana lissafin bashi, kai ne za ka ce wa ɗan shekara 7 mai wannan larura ya zauna minti ashirin yana ƙirga numfashi? Abin da ake nema ya yi shi ne ainihin abin da larurar ta hana shi. Hukuncina ke nan: in abin ya yi tsanani, yaro yana faɗuwa jarrabawa, abokai suna gudunsa, yana faɗa wa titi ba dubawa, hujjar da ke bayan magani ta fi ta horon natsuwa nauyi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya ce maka ka bar wancan ka riƙi wannan ya cuce ka. In kuwa yaron bai kai shekara 6 ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da kanta cewa ta yi a fara da horar da iyaye kafin a taɓa ƙwaya.

Saboda haka horon, kai za ka fara shiga. In ya kifar da kofin koko a karo na uku, ja numfashi sau uku kafin hannunka ya ɗaga. In za ka aike shi, durƙusa ka kalli idonsa, ka faɗi abu ɗaya tak, ka sa ya maimaita. Ka roƙi malaminsa ya zaunar da shi a gaba, nesa da taga, ya riƙa sa shi share allo don ƙafarsa ta sami aiki. Ka karɓe waya daga hannunsa da dare. In ya yi daidai ko da na minti biyar ne, ka faɗa masa a take, don yaron nan ya sha "kai wane irin yaro ne" har kunnensa ya ƙoshi. Shi kuma nasa horon a yi shi da wasa: ba shi dabino ɗaya, ya dube shi, ya shinshina, ya tauna a hankali ya gaya maka abin da ya ji. Minti ɗaya ya isa. In ya tashi da gudu, gobe ma rana ce.

Kada kuma kunyar a ce an gan ka a asibitin ƙwaƙwalwa ta hana ka. Akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a kada ka fasa, amma ka je da takardar malaminsa a hannu, da uwarsa wadda ta fi ka sanin yadda yake wuni. Ka tambayi likita komai: nawa zai sha, yaushe za a auna nauyinsa da tsayinsa, yaushe za a gwada dakatarwa. Bulalar da ke rataye a bayan ƙofa kuwa, ɗana, ka sauke ta yau kafin ya dawo daga Islamiyya.