Takobin Kaka

Gidan Makama na Kano, wanda ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), yau ya zama ma'adanar kayan tarihi. An jera sulke da lifidi da ƙyamaren ƙofofin birni domin masu kallo. Waɗansu dattawa ba su yarda da wannan ba. A ganinsu sulken da aka raba da zuriyar mai shi gawa ne, ko da ana goge shi kullum. Maganarsu da ƙamshin gaskiya.

Amma a dubi 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, wadda ta shahara da malamai tun ba a kafa Gusau ba. Da yaƙi ya ci ta zamanin jihadi, littattafanta suka watse, tsohon garin ya zama kufai. Abin da ke hannun mutum ɗaya, rana ɗaya ta isa ta hallaka shi.

Mai wuyar zaɓi shi ne talakan Bungudu da ya gaji takobin kakansa, ga rumbu ya ƙare, ga dillali a bakin zaure. Gidan tarihi zai tsare takobin da sunan kakan, amma ba zai ciyar da yara ba. Dillali kuwa zai biya nan take, takobin ya haye teku, a rubuta masa "Afirka ta Yamma" kawai.