Tawakkali, Amana da Allurar Riga-kafi

A farkon shekarar 2023, da iskar hunturu ta fara ja baya zafi ya kunno kai, sanƙarau ya sauka a arewacin Jigawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa mafi yawan waɗanda ake zaton sun kamu a duk faɗin Nijeriya a wannan kakar 'yan Jigawa ne, Maigatari da Sule Tankarkar kuma su suka fi jin jiki, a daidai lokacin da cutar ke cin mutane a jihar Damagaram da ke tsallaken iyaka. Mutanen Gagarawa da Gumel ba labari aka ba su ba, a ƙofar gida abin ya faru. A irin wannan lokaci ba a cika roƙon kowa ya kawo ɗansa allura ba, domin wanda ya ga yaro wuyansa ya sanƙare yana fizge-fizge ya wuce a yi masa wa'azi. Amma da annoba ta lafa, sai ka tarar gidan da ya yi sammako zuwa layin allura shi ne yake mayar da masu ɗigon shan inna daga zaure, ko ya bar jariri ya shekara bai ga asibiti ba. In aka tambaya, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, "Allah ne ke tsarewa." Magana ce ta gaskiya, babu musulmin da zai yi jayayya da ita. Abin dubawa shi ne ko ita ce ainihin dalilin ƙin, ko kuwa akwai wani ciwo da aka lulluɓe da ita.

Mu fara da addinin, tunda shi aka sa a gaba. A zamanin halifancin Sayyidina Umar annoba ta ɓarke a Sham, shi kuwa yana kan hanyar zuwa can. Da ya isa Sargu labari ya riske shi, ya tara Muhajirai da Ansaru ya yi shawara, daga ƙarshe ya yanke a juya Madina. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah za su gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma kawo misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddara ya kora su, amma mai hankali ya san gefen da zai nufa. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita. Wannan ƙissa ta warware matsalar tun daga tushe. Ba a nemi Umar ya jira cutar ta kama rundunarsa sannan ya nemi magani ba, kauce mata ya yi tun ba ta iso ba. Haka hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe, kariya ce ake nema wa mai lafiya, kuma da shi Shaihu Ibn Baz ya kafa hujja da ya halatta riga-kafi don tsoron annoba. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, bai ga wannan ya rage masa imani ba. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin hannu, shari'a kuma ba ta taɓa haɗa su faɗa ba.

Abin lura shi ne jama'a da kansu sun san haka, ayyukansu ne shaida. Duk shekara maniyyatan Jigawa suna miƙa hannu a yi musu allurar sanƙarau da ta shawara, domin Saudiyya ta sharɗanta, kuma ba mu ji wanda ya fasa aikin Hajji ya ce allurar ta ci karo da tawakkalinsa ba. Makiyayin da ke kai shanu kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya gaji labarin bushiya, cutar da ta share garkunan Fulani a ƙarshen ƙarni na 19. Allura ce ta kawar da ita, tun daga babban gangamin da aka fara a ƙasashen tafkin Chadi a 1962 har zuwa 2011 da aka bayyana ƙarewarta a duniya. Dattawan Gagarawa da yawa suna ɗauke da tabon lamba a dantse, kuma suna tuna fuskokin da agana ta zane da idanun da ta makantar, cutar da jikokinsu ba su san kamarta ba domin an gama da ita tun 1980. Mutumin da ya yarda a yi wa saniyarsa, ya yarda a yi masa don tafiya Makka, bai yi imani cewa riga-kafi haramun ne ba. Abin da bai yarda da shi ba shi ne hannun da ya kawo maganin.

Wannan rashin yarda kuwa yana da asali, ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kimanin 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba balle a nemi izininsu, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar riga-kafi ba ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Saboda haka a 2003, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, da Dakta Datti Ahmad na Majalisar Ƙoli ta Shari'a ya yi zargin cewa an gurɓata ɗigon shan inna da sinadarin hana haihuwa, maganar ta sami kunnuwan da suka riga suka shirya karɓarta. Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo maganin daga Indunusiya, ƙasar musulmi. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da gangamin allura na bogi a Pakistan tana farautar Usama bin Ladan, ta ba masu zargi hujjar da ba su taɓa samu ba. Duk wanda ya kira talakan da ke ɗari-ɗari jahili, bai karanta tarihin nan ba.

Akwai kuma dalilan da ba su kai gidan rediyo ba, kuma su suka fi yawa. Uba yana tambaya, "Me ya sa in ɗana yana zazzaɓi sai na sayar da akuya, amma wannan kyauta ake biyo ni da shi har gida?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a cika ba shi amsa ba. Ga uwa a wani ƙauye, tsakiyar damina, kowa yana gona. Ta nemi izinin maigida, ta goya jariri, ta biya kuɗin acaɓa ko ta taka a ƙafa cikin rairayi. Ta isa ta tarar ma'aikacin bai zo ba, ko a ce mata ba za a fasa kwalbar allurar ƙyanda don yara biyu ba, ta dawo ranar da aka tara. In an yi allurar, da dare jikin yaron ya yi zafi, cinya ta kumbura, ya kwana yana kuka, uwar miji ta ce, "Da lafiyarsa kika kai shi aka sa masa ciwo." Ba wanda ya gaya mata tun farko cewa wannan zazzaɓin yakan zo kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ita kuwa allurar jarirai ba sau ɗaya ba ce: akwai ta haihuwa, da ta mako 6, da 10, da 14, da ta wata 9, da ta wata 15. Kowace tafiya sai an sake neman izini da kuɗin hanya. Matar nan ba ta ƙi riga-kafi ba, gajiya ta yi, amma a takardar hukuma ita da mai ƙi suna layi ɗaya.

Duk da haka, fahimtar dalili daban, gaskata shi daban. Musulunci ya hore mu da bin diddigin labari kafin aiki da shi, kuma zargin 2003 ya sami fiye da shekara 20 yana jiran hujja. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci yau su ne ke goye da 'ya'ya, Jigawa da Katsina kuma har yanzu suna sahun gaba a yawan haihuwa a Nijeriya. Da akwai abin hana haihuwa a cikinsa, da gidajen suna sun fara ba da labari kafin ɗakin gwaji. Sakamakon ƙauracewar kuwa an gan shi ƙuru-ƙuru: shan inna ya yaɗu daga Arewa zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da shi, har Yaman da Indunusiya. A watan Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan riga-kafi 9 a Kano, jita-jita ta kai ga zubar da jini. Da aka dage, yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Nijeriya an same shi a Barno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ita. Sannan daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa, ya taɓa Jigawa da Yobe da Katsina, kuma mafi yawan yaran da ya shaƙe ba su kammala allurarsu ba, alhali maganinsa yana cikin allurar da ake yi kyauta tun jariri yana mako 6.

Mai jayayya zai ce ai maganin ma yana da illa, har an ji cewa ɗigon kansa yana haifar da shan inna. Bai kamata a ɓoye wannan ba. Ɗigon yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana, kuma a inda yara da yawa ba su karɓa ba, takan yi ta yawo daga hanjin wannan zuwa na wancan har ta sake yin ƙarfi. An ga haka a Arewa. Sai dai wanda take kamawa shi ne yaron da ba a yi wa ba, a garin da aka bar giɓi, don haka ƙin karɓa shi ne takinta. Ƙa'idar malaman fiƙihu a nan sananniya ce: in cuta biyu suka haɗu, ana ɗaukar ƙarama don kore babba. Zazzaɓin kwana ɗaya ba ya hawa sikeli ɗaya da kurumta ko shanyewar ƙafa ta har abada. Wani kuma zai ce ɗansa ne, shi ke da iko da shi. Ikon uba a shari'a wakilci ne, an ba shi ne don maslahar yaron, shi ya sa bai halatta ya salwantar da dukiyar ƙaramin ɗansa ba, balle lafiyarsa. Babba yana iya haƙura da ciwo ya ƙi magani don kansa, amma ba shi da hurumin yin wannan haƙuri da jikin wanda bai iya magana ba. Kuma ƙyanda ba ta tsayawa a gida ɗaya, tana tsallaka danga ta sami jaririn maƙwabci da bai kai watannin allura ba, ga shi kuwa an hana cuta da cutarwa.

Amanar ba a wuyan uba kaɗai take ba. Hukumar da ke son a buɗe mata ƙofa sai ta zama abin yarda, kuma ba a samun yarda da barazanar ɗauri, domin tsoro yana sa a ɓoye yara a ɗaki ko a shafa musu alama a yatsa ba tare da ɗigo ba. Abin da ya juya al'amarin shan inna shi ne shigowar mutanen da jama'a suka sani. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, aiki ya gangaro ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, limamai suka yi huɗuba, sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, guragun da cutar ta taɓa suka shiga gari suna cewa a dube su. A masarautar Gumel wannan tsani yana nan, daga fada har zauren mai unguwa. Abin da ya rage shi ne a amsa tambayar uban nan da aiki: asibitin da ke da allura ya kasance yana da maganin zazzaɓin cizon sauro, ma'aikaci ya zo ranar da ya ce, a gaya wa uwa gaskiyar abin da zai biyo bayan allura, a kuma yi magana da maza a majalisa da masallaci tunda izini a hannunsu yake. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke ba da kariya daga nau'i biyar na sanƙarau. Amfaninta ga yaron Gagarawa ya dogara ga ko ubansa ya yarda da wanda ya riƙo ta.

Saboda haka hukunci biyu ne, kuma ɗaya ba ya soke ɗaya. Talaka yana da haƙƙin ya tuhumi hukuma, ya tambayi abin da ke cikin kwalba, ya nemi a girmama shi. Amma fushinsa da gwamnati bashi ne tsakaninsa da gwamnati, kuma zalunci ne a ce jariri ne zai biya shi da ƙafarsa ko da numfashinsa. Wanda ya kai ɗansa allura ya ce Allah ya tsare, ya haɗa sababi da tawakkali kamar yadda magabata suka yi. Wanda ya hana kuwa ya ce Allah ya tsare, sai ya tanadi amsar da zai bayar ranar da za a tambayi kowane makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo.