Ajiya ko Adanawa? Darasi Daga Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Masu iya magana na cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. To amma tambayar da muke so mu yi nazari a kanta ita ce: idan an ba mutum amanar wani abu, ya kulle shi a ɗaki bai taɓa ba har ya lalace, ya riƙe amanar ko kuwa ya ci ta?

Abin da ya jawo wannan tambaya shi ne wata tsohuwar kwamfuta da muka tono a ɗakin ajiyar wata makaranta a nan yankinmu na Karare. Irin mai ƙwaƙwalwar 486 ce, wadda kamfanin Intel ya fara fitarwa a 1989. Tun da aka kawo ta kyauta aka lulluɓe ta da leda aka sa kwaɗo, don kada yara su ɓata ta. Da muka kai ta wurin wani tsohon ɗalibinmu mai gyaran rediyo, ya kwance murfin, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai ba yara suka kashe ta ba, zama ne ya kashe ta."

Ya nuna mana allon cikinta, wanda masu gyara ke kira fanel. A jikinsa akwai siraran hanyoyi na tagulla da wuta ke bi. A gefe guda kuma ga wani ɗan batir mai ƙarfin bolt 3.6, wanda aikinsa shi ne riƙe agogo da saitin na'urar idan an kashe ta. Irin wannan batir idan ya tsufa yakan zubar da wani ruwa mai kaifi, dangin ruwan tokar da mata ke haɗa sabulu da shi. Ruwan nan ya bi tagullar yana ci, ya bar wani kore-kore a kanta. Wato dai abin da aka sa don ya riƙe mata tunaninta, shi ne ya cinye ta, saboda babu wanda ya leƙa.

Mun zauna mun ga yadda ya yi aikin. Da farko ya taɓa ƙarfe don ya sauke wutar da ke taruwa a jikin mutum, musamman lokacin hunturu, domin tana iya ƙona ƙananan kayan allon. Ya cire batirin, ya share ƙura da buroshi mai laushi. Ya ɗiga ruwan khal a inda ya zuba, kamar yadda tsamiya ke karya kaifin kanwa, sannan ya wanke da sifirit ya bar shi ya bushe sarai. Bayan nan ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya da mita, duk wadda ta yanke ya haɗa ta da siririyar waya da dalma. Bai cire komai ba sai wanda mita ta tabbatar masa ya mutu, don kada garin neman gira a rasa ido. A kwana na uku ta kama.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, tunda wayar da ke aljihun ɗalibi ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan magana gaskiya ce, ba kuma za mu ce a koyar da yaran yau da ita ba. Sai dai a tuna cewa abin da aka yar ba ya ɓacewa, wani wuri yake komawa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma wadda aka sarrafa bisa ƙa'ida ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A jikin tsofaffin alluna akwai dalma, mu kuwa mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake wancan daga haƙar zinariya ne. Saboda haka mai gyara yana rage wa ƙasa kaya.

Amma babban darasin yana kan amana. Wanda ya kulle na'urar ba ɓarawo ba ne, niyyarsa ma mai kyau ce. Kuskurensa shi ne ya ɗauka cewa abin da ba a taɓa ba yana nan yadda yake. Duk mai gidan ƙasa ya san ba haka ba ne. Katangar da ba a yi wa yaɓe bayan damina, wata damina ce za ta kwantar da ita. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ba don an ƙyale ta take tsaye ba, sai don ana komawa kanta da gyara. Ajiya takan kare mai ajiyar daga zargi, adanawa kuwa takan kare abin da aka ba shi, kuma ita ce ke buƙatar wahala da ƙarfin hali.

Ya 'yan'uwa marubuta, nawa ne daga cikinmu ke da rubutu a akwati shekara da shekaru, muna tsoron fito da shi kada a ga aibinsa? Littattafan ajami nawa na kakanninmu gara ke ci a cikin gafaka, alhali magada na ganin sun riƙe amana? Mu buɗe murfin tun da sauran abin ceto, mu share, mu gyara inda ya yanke, mu bar mai kyau yadda yake. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu, amin.