Wanda Ya Tuba Daga Shaye-Shaye, Ya Faɗa Wa Likitan Biza Ko Ya Ɓoye?

Kwanakin baya wani matashi ya tsare ni bayan an idar da sallar Isha'i. Matarsa 'yar ƙasar Amurka ce, ta cika masa takardun bizar zama, saura gwajin likita da ganawa a Legas. Ya ce, "Malam, na taɓa shan kodin da wiwi, amma yau shekara huɗu ke nan da na bari. Ba an ce mutum ya rufa wa kansa asiri ba? Idan likita ya tambaye ni, in ce ban taɓa ba?"

Gaskiya na yi shiru kafin in ba shi amsa, domin auren mutum ne a kan layi.

Mu fara da abin da dokar ta ce. Sashe na 212 na dokar shige da fice ta Amurka yana da ƙofofi uku a kan wannan batu. Ta farko ta lafiya ce: idan likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi ya gano mutum yana fama da shaye-shaye, ba za a ba shi biza ba, amma idan an tabbatar ya yi wata 12 cur bai taɓa ba, ana iya sake duba shi. Ta biyu ta laifi ce: wanda kotu ta kama da laifin ƙwaya, ko ya amsa laifin a hukumance, haninsa na dindindin ne, kuma ba a neman sassauci sai a kan laifi ɗaya na riƙe wiwi da bai wuce giram 30 ba. Ko a jihar Kalifoniya da ta halatta wiwi, dokar tarayya ce ke aiki a kan biza. Ta uku ita ce ƙarya da gangan don samun biza, ita ma haninta na har abada ne.

To, sai na ce masa: ɗana, rufin asiri daban, ƙarya daban. Rufin asiri shi ne kada ka riƙa tallata abin da ka aikata a majalisa ko a Facebook. Amma a tambaye ka kai tsaye, ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa, sannan ka ce a'a? Ai ka bar tsohon laifi ka buɗe sabo ke nan. Tuba tana goge zunubi, amma ba ta mayar da abin da ya faru ya zama bai faru ba.

Ban ɓoye masa ba cewa gaskiyar tana iya jawo masa jinkiri, wataƙila ma ta hana shi tafiyar. Shi ya sa na ce kafin ranar ya nemi lauyan da ya san dokar shige da fice, ya zayyana masa komai, ya san matsayinsa. Ya amsa abin da aka tambaye shi, ba ƙari ba ragi.

Ni a ganina, wanda ya iya yakice ƙwaya daga jikinsa ya riga ya yi abin da ya fi wuya. Kada ya je ya gina sabuwar rayuwa a kan maganar da zai riƙa fargabar tonuwarta duk ranar da ya je neman takardar zama ɗan ƙasa.

Allah Ya shirya mana matasanmu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da kuwa a kanmu ne.