Nadamar da aka kulle a akwati

A shekarar 1514 wani limamin Katolika ɗan Sifen, Bartolome de las Kasas, ya saki mutanen da aka mallaka masa suna yi masa aikin tilas a tsibirin Kuba. 'Yan asalin ƙasar ne, kuma ya ga yadda haƙar zinare da yunwa ke ƙarar da su. Daga nan har rasuwarsa a 1566 bai daina tsaya musu ba. Da aka naɗa shi bishop na Ciyafas, a kudancin Meziko ta yau, a 1544, sai ya hana limamansa yi wa masu riƙe da bayi addu'ar gafara har sai sun 'yanta su. 'Yan uwansa Turawa suka yi masa ca, a 1547 ya koma Sifen.

Amma wannan mutumin dai, a 1516, shi ya ba masarautar Sifen shawarar a kawo bayi baƙar fata su karɓi aikin. Ba shi ya ƙago cinikin ba, an riga an soma. Duk da haka ya sa bakinsa.

Daga baya ya yi nadama. A babban littafinsa na tarihin waɗannan ƙasashe ya amsa cewa bautar da 'yan Afirka zalunci ne daidai da wancan, har yana shakkar ko rashin sani zai wanke shi a gaban Allah. Na yarda har zuci ya faɗa. Abin da ke damuna shi ne inda ya ajiye maganar. Littafinsa na ta'asar da aka yi wa 'yan asalin Amurka ya buga shi a 1552, ya zaga Turai. Wanda ke ɗauke da nadamar kuwa ya ce a jira shekara 40. Ba a buga shi ba sai 1875.

Ni rubuta manhaja nake yi. In na gano kuskure a abin da na riga na sakar wa jama'a, gyara shi a kwamfutata ni kaɗai yake kwantar wa hankali. Masu amfani da ita suna nan da tsohon kuskuren. Wataƙila Allah ya karɓi tubarsa, wannan ba hurumina ba ne. Su waɗanda aka loda a jiragen ruwa fa, me ya isa gare su?

Shekarar da littafin ya fito, akwai sauran bayi 'yan Afirka a gonakin raken Kuba. Ba a soke bauta a can ba sai 1886.