Alhakin Mai Ba Da Labarin 'Yan Wasan Kwaikwayo

Akwai wata mas'ala wadda ya kamata malamai da ma'abota alƙalami su tsaya a kanta da natsuwa, ita ce hukuncin mutumin da ya ba da labari wanda kowace kalma a cikinsa gaskiya ce, amma ya jera kalmomin nan, ya gabatar da wasu, ya jinkirta wasu, ya binne wasu, har mai sauraro ya tashi da fahimtar da ta saɓa wa haƙiƙar abin da ya auku. Shin za a lissafa shi cikin masu gaskiya, tun da ba a kama shi da ƙarya ko ɗaya ba, ko kuwa yana da rabo cikin zunubin maƙaryata, tun da abin da ya bari a zukatan mutane ba shi ne gaskiya ba? Ban san wani fage da wannan ɗabi'a ta yi katutu a cikinsa kamar fagen labarun 'yan wasan kwaikwayo ba, domin su mutane ne da jama'a ke sha'awar kallonsu alhali ba ta ganin girmansu, wanda kuwa ba a ganin girmansa ba a cika jin nauyin cin mutuncinsa ba.

Wasa dai ba baƙo ne a ƙasar Zamfara ba. Tun kafin zuwan rediyo yara ke tashe cikin watan azumi a Mafara da Bakura da Maradun, suna kwaikwayon malami da boka da tsoho mai kwaɗayi, 'yan kama kuma suna bin kasuwanni suna ba da dariya mai ɗauke da gargaɗi. Ɗaya daga cikin littattafan wasan kwaikwayo na farko da Bahaushe ya rubuta da hannunsa, wato Wasan Marafa, aikin Alhaji Abubakar Tunau Mafara ne a shekarun 1940, kuma don wayar da kan jama'a aka yi shi. Daga baya gidaje suka riƙa taruwa don kallon Idon Matambayi daga talabijin ta Sakkwato da Samanja Mazan Fama daga Kaduna, ba wanda ya ce wa iyalinsa su rufe ido. Al'amari ya sauya ne bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, sa'ad da wasa ya koma cikin kaset ya zama kasuwa, aka shigar da rawa da waƙa, mujallu irin su Tauraruwa da Fim suka kafu don ba da labarinsa kafin ƙarshen shekarun 1990. A daidai wannan lokaci, ranar 27 ga Oktoba 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka rufe gidajen silima a jihar. Tun daga nan ɗan wasa ya zama abin jayayya, labarinsa kuma ya zama makami a hannun masu jayayyar.

Hanyoyin karkatar da labari sanannu ne ga duk wanda ya lura. Akan rubuta kanun labari da zargi cikin manyan haruffa, a ajiye musun wanda ake zargi can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Akan ɗauko hoton mace daga cikin wani wasa inda ta fito a matsayin karuwa, a liƙa shi a kan labarin mutuwar aurenta, a bar wa mai karatu ya haɗa biyu da kansa. Akan ce "majiya mai tushe ta shaida mana," alhali majiyar ba ta da suna balle a binciki adalarta. Mafi muni duka shi ne a ɗauki laifin mutum ɗaya a shafa wa jama'a guda. A watan Agusta na 2007 wani hoton bidiyo na sirri ya yaɗu ta wayoyin hannu, wanda ya shafi wata 'yar wasa da wani mutum da ba ɗan fim ba ne. Ba a shirya shi don kasuwa ba, ba kuma wani kamfani ya ɗauke shi ba, amma yadda aka riƙa ba da labarinsa ya sa mutane da yawa suka ɗauka wannan shi ne aikin da 'yan fim ke yi a ɓoye. Abin da ya biyo baya sananne ne: aka dakatar da shirya fim a Kano na watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tace fina-finai, kuma a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure 'yan fim biyu, Rabilu Musa Ɗan Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Masu ɗinki da masu haya da masu sayar da kaset da masu dafa wa 'yan wasa abinci, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, su ma suka ɗanɗana kuɗarsu.

To, Shari'ar da ake cewa ana karewa ba ta yi shiru a kan wannan ba. Suratul Hujurat ta umurci muminai da su yi bincike idan fasiƙi ya zo musu da labari, don kada su cuci wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama, kuma a cikin surar aka hana zato da bin diddigin asirin mutane da giba. Suratun Nur ta gindaya shaidu huɗu ga mai jifan mace da alfasha, in ya kasa a yi masa bulala tamanin, a daina karɓar shaidarsa. Abin lura a ƙissar ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, shi ne cewa zargin Ubangiji bai tsaya ga wanda ya ƙirƙiro maganar ba, ya haɗa da waɗanda suka riƙa karɓarta daga baki zuwa baki suna ganin abu ne mai sauƙi. Ba ina daidaita kowa da Uwar Muminai ba ne, Allah ya kiyaye, sai dai hukuncin da ya sauka a dalilinta ya game dukkan Musulmi, bai ware mai sana'ar da muke ƙi ba. Malaman hadisi kuma sun san aibin da suke kira tadlisi, wato mai ruwaya ya faɗi abin da a zahirinsa ba ƙarya ba ne amma ya ɓoye illar da ke cikin isnadi, kuma sun ƙidaya shi cikin abubuwan da ke raunana amana ga mai ruwaya. Ɗan kasuwar da ya cika bakin mudu da hatsi mai kyau ya bar tsakuwa a ƙasa bai furta ƙarya da harshensa ba, amma ba alƙalin da zai wanke shi daga algus.

Na san hujjar da za a kawo, kuma ba hujja ce marar nauyi ba. Za a ce hani ga mummuna wajibi ne, akwai kuma ɓarna ta haƙiƙa a cikin wasu fina-finai da rayuwar wasu masu yin su, saboda haka tsananta harshe a kansu maslaha ce. Na yarda akwai ɓarna, na kuma yarda uba yana da haƙƙin ya damu da abin da 'ya'yansa ke kallo. Amma Suratul Ma'ida ta yi gargaɗi kada ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, kuma malaman da suka halatta ambaton aibin mutum don gargaɗi sun sa sharaɗin a tsaya ga gwargwadon buƙata, da niyyar nasiha. A ƙasar nan tamu akwai darasi a kan haka. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara, har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, wani malamin Barno da ake kira Mustafa Gwani ya soke shi da cewa mata na halartar majalisinsa tare da maza. Zuwan mata wa'azin gaskiya ne, amma siffar da aka ba shi ta cakuɗuwa ita ce ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya musanta a amsar da ya rubuta, wadda ke cikin Tazyinul Waraƙati, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Idan har majalisin Shehu bai tsira daga a ɗauki rabin gaskiyarsa a yi masa hukunci da ita ba, ina ga dandalin 'yan wasa?

Karkata ba daga gefe ɗaya take zuwa ba, wajibi ne a faɗi wannan. Kafofin labarai na Turai da na kudancin ƙasar nan suna da tasu riga da suka ɗinka tuntuni, wadda suke sa wa kowane labari daga Arewa: malamai maƙiya fasaha a gefe, 'yan wasa abin tausayi a gefe. Da aka soke shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji a 2016, da kuma lokacin da ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori 'yar wasa Rahama Sadau a watan Oktoba na shekarar saboda fitowarta a bidiyon wata waƙa, an ba da labarin a waje kamar dukkan Hausawa murya ɗaya gare su, alhali muhawara ce mai zafi aka yi a tsakaninmu, da masu goyon baya da masu suka, kowa da dalilinsa. Wanda ya mai da malami dodo da wanda ya mai da ɗan wasa shaiɗan aiki iri ɗaya suka yi, kowannensu ya zaɓi abin da zai gamsar da masu sauraronsa ya zubar da saura.

Asalin cutar kuwa, a ganina, kwaɗayin kasuwa ne fiye da kishin addini ko kishin 'yanci, domin labarin sakin aure ya fi labarin ingancin wasa saurin sayuwa, shi ya sa da wuya ka ga an tsaya an auna wasa da kansa, a ce ga inda marubuci ya kyautata, ga inda ya saɓa wa al'ada ko hankali. Yau kuma, da Facebook da WhatsApp suka shiga kowane aljihu, mai shayi a tashar Mafara da ɗalibi a Bakura duk sun zama masu ruwaya, kowa na tura abin da ya iso masa ga mutum hamsin kafin ya karanta shi har ƙarshe. Mutanen wannan yanki sun san ɗacin a ba da labarinsu yadda ba haka yake ba, tun rikicin madatsar ruwa ta Bakolori a watan Afrilu na 1980, sa'ad da hukuma ta ambaci adadi kaɗan na manoman da aka kashe, waɗanda abin ya faru a gabansu kuwa suka ce ɗaruruwa ne, har yau kuma ba a daidaita lissafin biyu ba.